Idon Tizhe da Muryar Kwamfuta

A Mubi, duk abin da ya lalace, wuta ce. Firiji ya ƙi sanyi, wuta ce. Batirin waya ya kumbura, wuta ce. Ko maigida ya dawo yana ɗaure fuska, sai ka ji matar ta ce ai tun safe ba a kawo wuta ba. Da wannan muka tashi, kuma yawanci gaskiya ne. Sau ɗayan da ba gaskiya ba ne, shi ya faɗa kan yayana Tizhe.

Sunana Winifred, ina sayar da wake da masara da gyaɗa a kasuwa. Tizhe ne ɗan farin babanmu, ni ke bi masa. Asalinmu daga duwatsun Michika ne, amma a unguwar Kolere ta nan Mubi muka girma. Baba manomi ne, ya so ɗansa ya gaje shi, ina! In an tura Tizhe gona, sai a tarar da shi a inuwa ya zazzage cikin rediyon Baba yana ƙirga ƙusoshi. Ya sha bulala har Baba ya gaji ya sallama shi ga boko.

Ya yi karatun kwamfuta a nan cikin gari. Aikin gwamnati bai samu ba, sai ya kama ɗan shago ya shiga buga takardu: aikin ɗalibai, tambayoyin jarrabawa na makarantun kuɗi, tsarin sujadar aure da ta jana'iza. Hannunsa akwai sauri, kuma ba ya barin kuskure, shi ya sa mutane suka riƙe shi. Aure kuwa, kada ma ku tambaya. An taɓa kai masa kayan tambaya, yarinyar ta jira ta gaji, ta auri wani direba. Na ce masa, "Yaya, kwamfuta ba ta tuƙa tuwo." Ya ce, "Ai ke kina tuƙawa." Ku ji mutum fa. Ɗaki guda ne nasa a gidanmu har yau, mijina bai taɓa nuna damuwa ba.

Shekarar da aka watse daga garin nan, kowa ya ɗauki abin da zai iya gudu da shi. Ni na goya yaro na riƙe tukunya. Shi ya karɓi zanina ya ƙulle kwamfutarsa ya ɗora a ka, da ita ya hau dutse, da ita ya dawo. Mutane suna kuka suna yi masa dariya.

Ita wannan kwamfutar tun ranar da ya saye ta tsohuwa ce. Tsarin da kowa ke sakawa ya yi mata nauyi, sai ta riƙa jan ƙafa. Don haka ya saka mata wani na kyauta, wanda ya ce mutanen duniya ne suka haɗa hannu suka rubuta, kuma kowa na iya buɗe cikinsa ya duba. Da shi take tafiya lafiya lau, sai abu guda. Jifa-jifa, kamar sau ɗaya a wata, sai ta ƙame. Allon ya yi baƙi ya cika da lambobi, duk abin da bai adana ba ya tafi.

Maƙwabcinsa a shago Malam Bakari ne, mai cajin waya. Duk ranar da ta ƙame sai ya leƙo ya ce, "Injiniya, wuta ce." Tizhe ya ce wuta ce kam. Ya sayi sitabilaiza. Ya sa aka sauya wayoyin shagon. Har rami ya haƙa a bayan ɗaki ya binne ƙarfe, wai don rarar wuta ta bi ƙasa. Lambobin da ke fitowa a allon kuwa, ko kallonsu ba ya yi, kashewa yake ya kunna. Shekaru aka yi a haka, lokacin idonsa garau.

A cikin shekarun nan ne ya fara ƙorafin ƙwan fitila. "Wutar yau rabi ce," in ji shi. Ya sauya ƙwai, ya ƙara na biyu. Ya fara tuntuɓe da benci, ya fara buge ƙofa da kafaɗa, muna yi masa tsiya wai tunanin direban da ya ƙwace masa mata yake yi. Sai ranar da keke ya taho masa ta gefe da rana tsaka, bai gan shi ba sam, Allah ne ya kiyaye. Ranar na ajiye mudu na ce ko ya bi ni asibitin ido ko in tara masa dattawan coci.

Likita ya duba ya daɗe. Ya ce hawan jinin ido ne, kuma ya yi nisa. Abin da ya tafi ba ya dawowa, abin da ya rage za a ja masa lokaci da magani, amma shi ma tafiya zai yi. Sannan ya tambaye mu me ya sa ba mu zo da wuri ba. Me za mu ce wa bawan Allah? Mu ce mun ɗauka wuta ce?

A mota ina ta sharɓar kuka, shi yana lissafi. Ya ce, "Wini, bar kukan nan. Yatsuna sun san hanyarsu, ido dubawa kawai yake yi. Kwamfuta tana iya magana. In za ta karanta mini abin da na buga, ina da sana'a har ranar da Ubangiji zai kira ni. In babu ita, sai dai ku ajiye ni a ƙofar gida kamar tsohon turmi." Ba ya tsoron duhu kamar yadda yake tsoron zaman a ba shi.

Ya saka mata muryar. Wata irin murya ce ta hanci, kamar mai mura, amma tana faɗin kowane harafi. Ya shirya da masu kawo masa aiki, su karanta rubutunsu a waya su turo, ya saurara ya buga. Dabara ta yi kyau. Sai dai ana kukan targaɗe sai ga karaya. Tun da ta fara magana, ƙamewar da take yi sau ɗaya a wata ta koma kullum, wata rana ma kafin azahar ta yi sau uku. Kuma in ta ƙame, muryar ce ke fara mutuwa. Sai ya zauna cikin shiru, bai san me ya rage ba, bai san me ya tafi ba.

Na kai kukana zumuntar mata. Matan nan, Allah ya saka musu, suka haɗa abin da suka haɗa muka sayo masa laftof ta hannu a kasuwa. Sabuwa kam ba mu isa ba, kuɗinta ya kai na bijimi. Wadda muka samu sa'ar tasa ce, irin tsofaffin da ake jibgo mana daga waje. Muka ce tunda wannan da batir take aiki, ta fi ƙarfin masu wuta. Ya saka mata tsarin nan nasa da muryar.

Lokacin cirar gyaɗa ne, muka tafi gonarmu ta Mayo Bani, muka tafi da shi don ya sha iska. Ya zauna gindin tsamiya da laftof a cinya, tana ta ƙananan maganganunta. Ina cikin karkaɗe gyaɗa sai na ji shiru. Jim kaɗan ya kira ni.

"Wini, akwai wayar wuta a kusa da nan?"

"A dajin nan? Ina fa."

"To ba wuta ba ce."

Ya yi dariya, irin wadda gara kuka da ita. Ya ce shekara da shekaru na'urar tana rubuta masa abin da ke damunta a allo, da ido biyu lafiyayyu bai karanta ba, ya tafi yana binne ƙarfe a rami. Na zauna kusa da shi, ya ce in karanta masa abin da ke allon. Lambobi ne haɗe da haruffa, layi-layi, kowanne da sunansa a gefe. Na karanta kamar 'yar aji ɗaya, yana gyaɗa kai.

Daga baya ne ya yi mini bayani, don na ce ba zan riƙa karanta abin da ban san kansa ba. Ya ce, "In kina awon wake, kin yi nisa, sai wata ta zo tana tambayar gyaɗa, me kike yi?"

"Ina ware ƙwayar masara a gefe, in san mudun da na tsaya."

"To ita ma haka take."

Ya ce a can cikin ƙwaƙwalwar na'urar akwai wasu 'yan gurabe da ba su kai yatsun hannu ba, ana ce musu rajista. A ciki take riƙe abin da take yi a daidai wannan lokacin. Duk sa'ad da wani abu ya kira ta, ko maɓalli ne ko sauti, dole ta tsaya, ta kwashe abin da ke cikin rajistocin ta ajiye, ta amsa kiran, ta dawo ta mayar da kowanne gurbinsa. Mai kula da wannan shi ne kanel, wato cibiyar tsarin, kuma an rubuta wannan ɓangaren da asambili, yaren da ake yi wa ƙarfen magana kai tsaye babu tafinta. To a wani wuri cikin rubutun, wani ya ajiye bai mayar da guda ba. Ba kullum abin ke faruwa ba, sai kiran ya faɗo a mugun lokaci. Murya kuwa kira take yi ba ƙaƙƙautawa, shi ya sa iyakar maganarta, iyakar faɗuwarta.

Na ce, "Wane mara hankali ne ya yi wannan sakacin?"

Ya ce, "Mutumin kirki ne, kyauta ya yi aikin. Wataƙila ranar a gajiye yake."

Na ce kirkinsa ya sha ruwa, da yana Mubi da na je har gidansu.

Ya rubuta wa masu kula da tsarin ta intanet, na ɗauki hoton allon muka tura. An daɗe kafin wani ya amsa daga ƙetaren teku. Cikin ladabi ya amsa, ba zan yi masa ƙarya ba. Ya ce a cikinsu babu wanda ya rage da irin wannan na'ura da zai gwada, suna ma shawarar daina kula da tsofaffin gaba ɗaya. In Tizhe ya gano kuskuren da kansa, za su karɓa da godiya. Wato mu da ake zubo wa tsofaffin kaya, mu ne kuma za mu gyara musu. Raina ya ɓaci ƙwarai, shi kuwa ya ce magana ce ta gaskiya.

Daga nan aka shiga tsere tsakanin idonsa da rubutun nan. Dole ya bi shi layi-layi, ya ga inda aka ajiye rajista, ya bi sawu har inda aka ɗauko ta. Hanyoyin kuma ba guda ba ne, wannan ta rabu biyu, waccan ta koma baya. Na ce ya bar murya ta karanta masa mana. Ya ce da kunne layi ɗaya kake riƙewa, wannan aikin kuwa sai ka ga sama da ƙasa a tare, ka dawo ka sake komawa. Ban da haka, ita muryar kafin ya yi nisa ta mutu, a koma farko.

Ni da wayona na je na sa aka buga masa rubutun da manyan haruffa, kowanne kamar ƙwai, na manna masa a bango ina jiran godiya. Ya tsaya gaban bangon ya daɗe. Ya ce, "Wini, kin yi ƙoƙari, amma ki cire." Ashe ganinsa ba dushewa kawai yake yi ba, tsukewa yake yi daga gefe, kamar mai leƙe ta hudar ƙofa. Babban harafi ba ya shiga hudar. Ƙananan yake so, a kan farar takarda, cikin hasken rana. Ranar ce na san girman abin da ya tafi, na shiga kicin na rufe ƙofa na yi kukana.

Haka ya riƙa fitar da tebur tsakar gida kowace safiya, hancinsa kusan kan takarda, yatsa a kan layi. Shago ya koma buɗewa jifa-jifa. In na'urar ta ƙame sai ya aiko a kira ni daga kasuwa in karanta masa, in bar wake a hannun maƙwabciya. Har na san sunayen rajistocin kamar 'ya'yan unguwa. A hankali ya lura cewa guda ce kullum ke dawowa da shirme, wadda ake kira EBX. Damina ta zo ta wuce, hanyar Kolere ta lalace aka gyara, yana nan kan tebur. Likita ya hana shi wahalar da idon. Ya ce in bai wahalar da shi yanzu ba, yaushe?

Wata Asabar ina shanya masara na ji ya ce, a hankali, "Ga ta nan." Wata 'yar hanya ce da ba a cika bi ba, an ajiye rajistar a sama, a ƙasa aka fita ba a ɗauko ta ba. Gyaran layi biyu ne kacal. Na ce duk wannan wahalar a kan layi biyu? Ya ce ƙaya ma ba ta da girma.

Sai an sake haɗa tsarin gaba ɗaya kafin gyaran ya kama, kuma a tsohuwar na'ura wannan aikin yini ne da ɗoriya, ba a so wuta ta ɗauke. Malam Bakari ya ce a kawo shagonsa, yana da sola. Ya kashe rabin cajin mutane dominmu, yana yi yana cewa, "Ni dai har yanzu ina zargin wutar nan, Injiniya." Aka gama, aka kunna, ta yi magana. Ta yini tana magana. Washegari ma haka. Mako ya zagayo ba ta ƙame ba, wani makon ya bi. Tizhe ya tura gyaran can waje, aka karɓa, aka yi masa godiya a layi ɗaya. Na yi rawa a coci ranar Lahadi har gwiwata ta yi ciwo.

Ya yi sa'a, in sa'a ce, don ba a jima ba hudar ta rufe. Da farko ido ɗaya, sai ɗayan ya bi. Yanzu hasken rana kawai yake bambantawa da inuwa. Amma bai karaya ba. Ya koma shago sosai, ya aske gemu, har ya fara tsokanar Bakari. Malam Munzali, shugaban wata makarantar kuɗi wanda ya daɗe yana kawo masa aiki, ya ba shi jarrabawar ƙarshen zango ta dukan azuzuwa. Malamai suka karanta tambayoyinsu a waya, Tizhe ya saurara yana bugawa, muryar hanci tana bin sa a baya.

Ya kai wajen rabi, wata Laraba da hantsi, Bakari ya kira ni a waya. Ya ce, "Maman yara, ki zo."

Na tarar da Tizhe zaune, hannuwa a cinya, bai taɓa komai ba. Allon baƙi, cike da lambobi. Ya ce in karanta. Na fara daga sama. Da na zo kan EBX ya ce in maimaita, na maimaita, ya ce wannan daidai take, gyaransa yana nan. Na ci gaba. Da na karanta ESI ya ɗaga hannu na tsaya.

"Wata ce daban," in ji shi. "Akwai wani ramin a wata hanyar. Na farkon ne ya riƙa tare mana shi."

"Ka san inda yake?"

"Na san unguwar, ban san gidan ba."

Na ce to me za a jira, ga idona. Na ɗauko takardun na zauna na fara karanta masa, layi bayan layi. Ya ce in koma sama, na koma. Ya ce a'a, wancan saman. Na ɓata, na sake. Ya tambaye ni layin da muka bari ɗazu da me ya ƙare, na neme shi na rasa. Har la'asar ba mu gama shafi biyu ba, ga sauran takardun tsibi guda. Muka sake gwadawa washegari, da jibi. Tsakanin nan na'urar ta ƙame sau da yawa, kuma sau ɗaya ta tafi da jarrabawar aji guda cur. Ya rubuta wa mutumin can waje, amsa ta zo cewa an riga an yanke shawara, daga sabon tsarin da za su fitar nan gaba babu mai taɓa ɓangaren tsofaffin na'urori.

Ranar Litinin ya ce, "Wini, ya isa. Koma kasuwa, wakenki zai yi ƙwari." Na buɗe baki zan yi masa faɗa kamar yadda na saba, sai na ga fuskarsa na fasa. Ban taɓa jin tausayin mutum irin na ranar ba, kuma ban taɓa jin haushin duniya haka ba.

Ban kai ga tashi ba Malam Munzali ya yi sallama, ya zo jin inda aka kwana, jarrabawa ta matso. Tizhe ya miƙe ya gaishe shi, ya laluba aljihu ya fito da filas ɗin kwamfuta ya miƙa masa.

"Malam, ga abin da na gama, rabi ne. Sauran ba zan iya yi maka alkawari ba."

"Haba Injiniya, in lokaci ne ai sai mu ƙara maka kwana biyu."

"Ba lokaci ba ne. Yara ba za su zauna jiran na'urata ba." Ya juya fuskarsa wajen ƙofa. "In ka fita ka bi hannun dama, ka wuce mai shayi, akwai shago mai shuɗiyar ƙofa. Edwin sunansa. Yana da gaggawa, ka sa ya duba lissafi sau biyu, amma zai yi maka. Na zango mai zuwa ma shi za ka kai wa."

Malam Munzali ya tsaya riƙe da filas ɗin, ya dube ni, na kawar da kai. Ya yi addu'a ya fita, muka ji tashin babur ɗinsa.

Tizhe ya laluba ya rufe laftof ɗin. Ya ce, "Ki gaya wa wanda ya ba ni hayar shagon nan ya nemi wani daga ƙarshen wata."